Baturan Haruna Masu Jin Sanyi

Duk wanda ya taɓa zuwa gidan marigayi Haruna a McLeansville lokacin sanyi ya san ba daga cikin gida yake amsa sallama ba. Daga bayan gida za ka jiyo muryarsa. Yana can tsugune a gaban tirelar nan tasa, ya buɗe akwatin batura, ya ɗora bayan hannunsa a kan ɗaya kamar uwa tana duba zazzaɓin yaro. Sai ya gama da na dama ya koma na hagu, sannan ya ɗago ya yi maka sannu da zuwa. In ka tambaye shi iyali, sai ya ce, "Hajiya lafiya lau. Waɗannan ne dai suka kwana da ɗari."

Ni Hadiza taubashiyarsa ce, uwata da babansa ciki ɗaya suka fito a Maraɗi. Saboda haka abin da zan faɗa a kansa ba mai hana ni, don da ransa ma a gaban idonsa nake faɗa, shi kuma ya rama. Ban taɓa ganin mutum mai taurin kai da maƙo kamar Haruna ba, kuma ban taɓa ganin wanda tsoro ya zauna wa a ciki shekara da shekaru kamarsa ba. Mu dai dariyar muke gani.

Abin da yake tsoro ba ɓoyayye ba ne. Matarsa Hajiya Mariama huhunta ya yi rauni, ba ta rabuwa da siririn tiyo a hanci, tiyon kuma yana haɗe da injin da ke tace mata iskar oksijin. Injin da wutar lantarki yake aiki. Akwai tukwanen iska na ko-ta-kwana da ake ajiye mata, amma ba sa daɗewa. Unguwar tasu kuwa gidaje ne jefi-jefi a cikin bishiyoyi, iska kaɗan reshe ya faɗo kan waya an ɗauke wuta. Duk ranar da fitila ta yi ƙifta, sai ka ga Haruna ya bar abin da yake faɗa a tsakiya ya juya yana kallon ƙofar ɗakin Hajiya.

Kowa ya ce masa ya sayi janareta, abin da a Maraɗi muke ce wa gurup. Ya ce sam.

"Ƙarar gurup na baro a Maraɗi, ba zan zo Amerika in saye ta da kuɗina ba. Ga hayaƙi, ga mace mai ciwon ƙirji. Kuma shi gurup kullum bakinsa buɗe yake, sai an sayo masa esansi a gidan mai. Rana kuwa wa ya taɓa kawo maka takardar kuɗinta?"

Na ce masa maganar hayaƙin gaskiya ce, amma ta ƙarshen ita ce ta fito daga zuciyarsa. Sai ya je can wajen Summerfield ya jawo wata tsohuwar tirelar shaƙatawa, irin ɗakin nan mai taya da mutanen ƙasar nan ke ja da mota su tafi daji su kwana don nishaɗi. Shi karaban yake ce mata. Bai taɓa kai ta ko bakin titi ba. Ya kafe ta a bayan gida, ya shimfiɗa farantan sola a rufinta, ya sa batura biyu na litiyam a akwatin da ke gabanta ta waje, ya ja doguwar waya ta tagar ɗakin Hajiya har gindin injin. Ranar da ya gwada ya ga injin ya tashi, ya kira mutane shan shayi kamar an yi masa haihuwa.

A wajen shayin ne Malam Nafi'u ya ɓata masa rai. Nafi'u ɗan Kano ne, yana karatun digiri na uku a fannin lantarki a nan garin, yaro mai ladabi. Ya duba aikin ya yaba, sannan ya ce, "Baba, abu ɗaya ne. Irin wannan batirin in sanyi ya kai inda ruwa ke daskarewa, ba ya karɓar caji. Zai ba da wutar da ke cikinsa, amma ba zai karɓi sabuwa ba. Akwai abin da ke cikinsa da ke rufe ƙofa, don in aka tilasta masa lalacewa yake yi."

Haruna ya ajiye kofi. "Kana nufin ranar da aka fi ɗauke kuran, gida ya yi duhu, ranar ce zai ƙi cin abinci?"

"Haka ne, Baba. Amma akwai waɗanda ake sayarwa masu ɗumama kansu."

"Nawa?"

Nafi'u ya faɗa masa. Haruna ya sake ɗaukar kofin, ya ce, "Waɗannan ma za su koyi ɗumama kansu."

Da sanyin farko ya shigo, na je na tarar da baturan sanye da kaya. Na dama yana cikin rigar sanyin Haruna ta ulu, an ɗaure hannayen rigar a bayansa. Na hagu an naɗe shi da tsohon bargon yara, an kifa masa hular sanyi a ka. Na tsaya ina kallo har hawaye ya zubo mini don dariya. Nafi'u da aka kira ya ce a hankali, "Baba, bargo ba ya kawo zafi, riƙe wanda ke jiki yake yi. Batir ba shi da jini." Haruna ya ce ai shi ya sa ya tausaya masa. Washegari da safe ƙaramin allon da ke nuna ko caji na shiga bai nuna komai ba, sai da rana ta take. Ran nan Haruna bai ci abincin rana ba.

Bayan kwana kaɗan ya kira ni a waya, abin da ba ya yi sai da dalili.

"Ke 'yar mace, da kika haifi ta fari a ƙauye wajen kakarmu, kin kwanta gadon jego ko?"

Na ce na kwanta. Ga waɗanda aka haifa a nan ba su sani ba, gado ne na ƙasa da ake ginawa da rami a ƙarƙashi, a zuba garwashi a ramin, maijego ta kwanta a sama zafi yana ratsa ta. Na ce masa har yau in na tuna sai bayana ya yi mini ƙaiƙayi.

"Kaurin ƙasar kamar mi? Taki ɗaya? Rabin taki?"

"Haruna, wa ya haihu?"

"Amsa mini dai."

Na ajiye waya zuciyata ba ta kwanta ba. Da na tashi daga aiki na wuce gidan. Tun daga bakin hanya na hango hayaƙi. Bawan Allah ya haƙo jan yumɓun nan na bayan gidansa, ya kwaɓa, ya gina ɗan gado a ƙarƙashin akwatin baturan, da raminsa da komai, ya cika shi da garwashin murhun shayinsa. Gini kam ya yi kyau, kakarmu ma sai ta sa masa albarka. Sai dai maijego in zafi ya yi mata yawa tana juyawa ta yi ƙara a rage wuta, batir kuwa shiru yake yi. Gindin akwatin roba ne, ya fara narkewa yana ɗiga, ga tukunyar gas ɗin tirelar ba nisa, ga tagar Hajiya a buɗe kaɗan saboda waya.

Ban san lokacin da na fizgo tiyon ban ruwan lambu ba. Na kashe garwashin, na jiƙa gadon, na jiƙa mai gadon. Ya tsaya ruwa na zuba daga gemunsa, ya dubi ginin da ya koma taɓo, ya ce, "Kin kashe mini aikin yini guda." Na ce gara aikin da matarka. Ya juya ya dubi tagar. Daga baya da na ba mutane labari a wajen suna, ya ce ai gwaji ne, kuma gwajin ya nuna ƙasar Amerika ba ta da albarkar ta Maraɗi.

Nafi'u ne ya kawo shawarar da ta yi aiki. Ya ce akwai 'yar shimfiɗa mai ɗumi da ake sayarwa a shagon dabbobin gida, ana sa wa ƙadangaru, ba ta zafi sosai, kuma ana haɗa ta da abin da zai kunna ta in sanyi ya yi ya kashe in an ji ɗumi. Haruna ya ɗauka zolaya ce. Ni na kai shi shagon a Wendover. Ya tsaya gaban akwatin gilashi yana kallon wani ƙadangare kwance a kan shimfiɗarsa, ido a lumshe, ga kwanon abinci a gefe.

"Hadiza, wanga ba shi ne muke jifa da dutse ba?"

"Shi ne."

"Ya samu biza ya fi mu."

Yarinyar shagon ta zo da fara'a ta tambaye shi wane irin dabba yake da shi, don ta san girman da za ta ba shi. Ya ce guda biyu ne, baƙaƙe, masu nauyi. Ta ce me suke ci? Ya ce rana. Ta ce suna motsi sosai? Ya ce tun da ya kawo su ba su motsa ba. Yarinyar ta dafa ƙirji ta ce ya kamata ya kai su wajen likitan dabbobi yau ɗin nan. Na ja shi muka biya muka fita kafin ta kira wani.

Shimfiɗun sun yi aiki. Ya manna su a jikin baturan, ya kewaye akwatin da soso, ya mayar da rigar ulun a sama don kada a ce ta tashi a banza. Aibinsu ɗaya, kuma shi da kansa ya gano shi: daga jikin baturan suke shan wuta. Yakan ce, "Su da injin Hajiya kwano ɗaya suke ci." Abin ya tsaya masa a rai.

Sai shekarar da aka yi ruwan ƙanƙarar nan. Ku da kuke garin kun tuna, ruwa ne yake sauka a matsayin ruwa, da ya taɓa abu sai ya daskare. An yi ta sanarwa tun kafin ya zo, shi ya sa maigidana ya sauke ni gidansu da yamma da kular tuwo, don in taya Hajiya kwana. Kafin isha aka ɗauke wuta. Can kuma muka ji wata ƙara kamar an fasa gini, ashe babbar bishiyar gaban gida ce ta faɗo, ta danne motar Haruna, ta gicciye hanyar shigowa. Ya mayar da injin kan batura, muka lulluɓe Hajiya da duk bargon da ke gidan. Haka aka kwana.

Gari na wayewa injin ya yi ɗan kuka ya tsaya. Baturan sun ƙare. Wanda bai zauna da mai irin wannan ciwon ba ba zai gane shirun da ya biyo baya ba. Shekaru kunnena ya saba da gurnanin injin nan a gidan, ban san ina jin sa ba sai da ya ɗauke. Haruna ya jawo tukunyar iska ya haɗa mata. Wadda aka taɓa ce a baya ba a kai ga canzawa ba, don haka ba ta jima ba, muka koma ta ƙarshe. A kanta akwai agogo mai allura, da jan yanki a ƙarshensa.

Na kira lambar gaggawa. Matar da ta ɗauka ta yi mini magana da natsuwa, ta ce sun sa mu a gaba, amma bishiyoyi da wayoyin wuta sun zube a hanyarmu, ana sarewa ana matsowa, ba za ta iya ce mini ga lokaci ba. Ta ce in kira in abu ya canza. Na dubi Haruna. Ya ce, "Rana za ta fito."

Ta kuwa fito, tas, sama ba ko gajimare, duniya duk tana ƙyalli kamar an zuba gilashi. Amma farantan solar sun rufe da ƙanƙara. Dattijo mai furfura ya jingina tsani a jikin tirela a kan ƙasa mai santsi, ya hau da muciya a hannu. Ni na riƙe tsanin, ƙafafuna suna zamewa, ina jin yadda yake girgiza duk lokacin da ya kai duka. Ko zolayarsa ban iya yi ba. Ya farfasa ƙanƙarar ya share da hannun riga, ya sauko, muka zagaya gaban allon.

Ba komai. Rana tana dukan farantai, wuta tana bakin ƙofa, baturan sun rufe.

Ya buɗe akwatin. Wayar shimfiɗun ƙadangaren tana reto, a cire.

"Wa ya cire wannan?"

"Ni," in ji shi, bai dube ni ba. "Da dare. Na ga suna rage mata. Na ce kowane ɗigo ya tafi wajen injin."

Na buɗe baki in yi masa abin da na saba, sai na ga fuskarsa na fasa. Da bai cire ba, da injin ya tsaya tun cikin duhu. Da ya cire kuma ga mu nan. Ya mayar da wayar, amma babu abin da shimfiɗun za su sha. Na taɓa batirin, sanyinsa ya kama mini yatsu kamar ƙarfen firiza.

Ya shiga ɗaki ya duba allura. Ina bayansa. Ta wuce rabi. Hajiya ta buɗe ido ta dube shi.

"Malam, saura yaya?"

"Saura da yawa. Kwanta abinki."

Muna fitowa ya wuce rumfa ya ɗauko murhun shayinsa da buhun gawayi. Ya hura wuta a tsakar fili, yana fifita da murfin kwali kamar zai karya hannunsa. Da garwashi ya yi ja, ya ɗauki murhun ya nufi tirela. Na sha gabansa.

"Ina za ka da shi?"

"Ƙarƙashin akwati. Kaɗan kawai. Ba kamar wancan karon ba."

"Wallahi ba ka isa ba."

"Hadiza, kauce."

"In batirin nan ya kama wuta ruwa ba ya kashe shi, kai ka gaya mini da bakinka. Ga gas, ga tagarta, ga tukunyar oksijin a gefen gadonta. Haruna, ba za mu iya fito da ita da gudu a kan ƙanƙarar nan ba."

"To mi zan yi? In tsaya ina kallon allura?"

Tun muna yara ban taɓa jin muryarsa ta karye haka ba. Muka tsaya, shi da wuta a hannu, ni da hannuwa a buɗe, kowa yana huci. Na san in ya ture ni ba zan iya hana shi ba, kuma na san ni ma ba ni da wata dabara. Sai muka ji ana ƙwanƙwasa gilashin taga da zobe. Hajiya ce, ta jawo jiki ta zauna. Na matsa kunne wajen da waya ta shiga.

"Rairayi," ta ce. Ta numfasa. "Na suyar gyaɗa. Yana gareji. Cikin bokiti."

Kun san Hajiya da gyaɗarta kafin ciwo ya kwantar da ita, ba ta yarda da ta tanda ba, sai ta soya a cikin rairayi kamar a gida. Bokitin yana nan cike. Na juye a babbar tukunya na ɗora a kan murhun, nesa da tirela, ina juyawa da ludayi. Haruna ya shiga ya kwaso duk safar da ya mallaka, har da waɗanda suka huje da ya ƙi zubarwa tun zuwansa ƙasar nan, ya ƙuƙƙulle hujin. Muna ɗurawa muna ɗaurewa.

"Kada ya yi zafi da yawa," in ji shi. "Nafi'u ya ce zafi ma yana kashe su. Ke kika san zafin jego, gwada."

Kowace safa sai na ɗora ta a wuyana. In na iya jurewa, ta tafi akwati. In ta ƙona ni, a gauraya da mai sanyi. Muka jera su a gefe da gefe, da tsakanin baturan, da sama, muka rufe da rigar ulu da darduma. Sai jira.

Ba a gaya mini batir yana da ciki ba sai ran nan. Bayansa ya yi ɗumi, allo bai motsa ba. Safa ta huce, mu kwashe, mu juye a tukunya, mu sake ɗurawa. Yatsuna suka daina jin komai. Gawayi ya fara raguwa. Haruna yana zirga-zirga tsakanin akwati da ɗaki, duk shigarsa ina jin tambaya ɗaya da amsa ɗaya, saura da yawa. Da na shiga da kaina allurar tana gab da jan yanki. Leɓen Hajiya ya yi duhu, ta daina magana, ido a rufe, carbi a hannu ba ya motsi. Na ce zan zauna da ita. Ta girgiza kai, ta nuna mini ƙofa da yatsa. Na sake kiran lambar gaggawa, aka ce sun kusa, saura bishiyoyi kaɗan.

Da na fito ban ga Haruna ba, sai ƙafafunsa. Ya tuɓe jaket da riga, ya rage daga shi sai singileti, ya cusa rabin jikinsa cikin akwatin ya rungume baturan da safunan duka, ya ja darduma ya rufe kansa. Ƙafafu biyu a waje cikin takalmin roba, suna karkarwa.

"Haruna, za ka kashe kanka."

Daga cikin darduma ya ce, "An ce ba su da jini. Ni ina da shi. Kawo rairayi."

Na kawo. Ina miƙa masa ta ƙarƙashin darduma, yana miƙo mini waɗanda suka huce. Ina jin yana magana ƙasa-ƙasa a ciki, na ɗauka addu'a yake, da na kasa kunne sai na ji lallashi ne. Yana ce musu su yi haƙuri, shi ne da laifi, su buɗe baki ko kaɗan ne, ba don shi ba. Da wata rana ce daban, da na riƙe wannan na shekara ina yi masa tsiya da shi. Ran nan kuka nake yi ina juya rairayi.

Na zuba gawayi na ƙarshe. Na ɗaga kai don in share ido, sai na ga lamba a allon. Ƙarama ce, ta ɓace, ta dawo, ta ƙaru.

"Haruna, fito. Suna ci."

Ya fito da baya, ƙirjinsa duk rairayi, leɓensa fari fat. Ya dubi allon. Na ce a kunna injin. Ya ce a'a, a bari su ɗan samu abin riƙe ciki, in aka ɗora musu yanzu za su sake faɗuwa. Wannan jiran ya fi duk na baya tsawo. Yana tsaye a taga ido ɗaya a kan allo, ni ina ɗaki ido a kan allura, ta shiga ja ta kusa kwantawa. Sai ya ɗaga mini hannu. Na danna. Injin ya yi tari, ya kama gurnani. Na cire tiyo daga tukunya na mayar kansa, na zauna a ƙasa.

Wajen azahar masu motar asibiti suka iso a ƙafa daga bakin hanya, da masu zarto a bayansu. Suka duba Hajiya suka ce za su tafi da ita a ƙara dubawa, suka dubi Haruna suka ce shi ma ya shigo. Ɗaya daga cikinsu ya leƙa akwatin ya ga safa jibge, ya tambaya mene ne wannan. Haruna, yana naɗe cikin bargon da suka yafa masa, haƙoransa na haɗuwa, ya ce da ni, "Gaya masa fasaha ce. Kuma ki kwashe mini safata kafin a sace."

Daga nan fa ba a sake shan iska ba. A masallaci, a wajen suna, a wajen ɗaurin aure, Haruna sai ya ba da labarin yadda ya auna komai daidai, ya san tukunyar za ta kai, ya san baturan za su buɗe kafin allura ta kwanta. Rairayin ma a hankali ya zama dabararsa. 'Ya'yansa suka haɗu suka sayo batura masu ɗumama kansu, Nafi'u ya zo ya haɗa, Haruna ya tsaya a kansa yana gyara masa. In na ce zan tona shi, sai Hajiya ta yi murmushi ta ce in ƙyale shi.

Da bazara ya rasu, ana tsananin zafi, yana zaune a kujera bayan la'asar. Zuciya ce. Duk shekarun nan kowa Hajiya yake kallo, ana zaton ita za ta riga shi.

Tana cikin takaba na je mata wuni. Muna zaune mu biyu, injin yana gurnaninsa, na tuno mata ranar ƙanƙara don ta yi dariya. Ta yi. Sannan ta ce, "Hadiza, tukunyar nan ba za ta kai ba. Na fi shi sanin allurar, ni nake kwana da ita."

Na ce to ai ta kai.

"Duk fitarsa sai in miƙa hannu in rage abin da take ba ni. In na ji tafiyarsa sai in mayar. Shi ya sa na kore ki."

Na dube ta. Na ce, Hajiya, da kin tafi fa?

"Da ta ƙare yana tsakar aiki, da bai yafe wa kansa ba har abada. Shi yana ce mini saura da yawa, ni ina ce masa to." Ta gyara tiyon a hancinta. "Ban taɓa gaya masa ba. Yana jin daɗin labarin."

Ita ta ba ni izini in faɗa yanzu. Allah ya jiƙan Haruna, ya yafe masa, ya yalwata masa kabarinsa, ya saka masa da tsaron da ya yi wa baiwar Allah nan da dukan ƙarfinsa. Ita kuma Allah ya sauƙaƙa mata numfashi, ya ba ta haƙurin rashinsa, ya haɗa su a inda babu ciwo. Amin.